Idon Iya na Hagu

Da sunan Allah nake farawa. Mutane da yawa sun zo duba mahaifiyata, kowa ya tambaye ni yadda aka yi, ni kuma sai in ba shi guntun labari in haɗiye sauran. Yanzu da sanyi ya sake kawo kai, na ga gara in zauna in faɗe shi gaba ɗaya, ko wani mai tsohuwa a gida zai kauce wa ramin da na faɗa.

Ni ne ɗan fari a wurin Iya. Wanda ya tashi a gidan da ake kunyar ɗan fari ya san abin da nake nufi. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, a can na girma. Iya ba ta taɓa kama sunana ba, "Mai sunan Malam" take cewa, shi ma sai ta kama dole. Idan na shiga gaishe ta, sai ta ja mayafi ta sunkuyar da kai, ta amsa wa tabarma. In tana da saƙo gare ni, ƙanwata Sa'a take faɗa wa, autarmu, ko da kuwa ina zaune a wurin: "Ki ce masa an gode." Na haura shekara hamsin a haka ban taɓa jin ciwon abin ba. Har taƙama nake yi a cikin abokai, ina cewa irin tarbiyyar tsohuwata an daina yin ta.

Bayan rasuwar Baba, Iya ta ci gaba da zama a gidanmu na Gama. Sa'a tana aure a layin, ita ke leƙa ta safe da yamma. A sanyin bara sai 'yar Sa'a ta haihu a Zariya, haihuwar fari, ta tafi yi mata wankan jego da niyyar sai an yi arba'in. Wata safiya na biya gaishe da Iya kafin in wuce aiki, na tarar da ita a takure bakin kasko, yatsunta sun ƙame har carbi na zame mata. Raina ya ɓaci. Ga ni da gida a Nassarawa, ɗakuna a rufe ba kowa, uwata kuma tana jin ɗumin gawayi kamar ba ta haifa ba. Na ce ta shirya mu tafi. Ta ce wa bango, "Nan ma lafiya lau." Sai da na kira Sa'a a waya ta lallashe ta, sannan ta yarda ta ɗaure 'yan kayanta.

Sana'ata zanen gine-gine, kuma ɗakin da na sauke ta ni na zana shi da hannuna tun lokacin da nake gina gidan, da sunanta. Tagoginsa masu roba ne a baki, in ka rufe ko iskar da za ta kaɗa gashin kaza ba ta shiga. Labule mai kauri, kafet har bango. Ban tsaya nan ba, don ni mutum ne da in na so ka sai na saya maka na'ura. Na shiga kasuwa na sayo hitar ɗaki, irin mai fanka a ciki da ke huro iska mai zafi. Na ɗora ta a kan kujera daidai kan gado, na saita bakinta ya fuskanci matashi. Gidan akwai sola, ko an ɗauke wuta ba ta tsayawa. Sannan na juya na ce wa mutanen gida, da muryar da nake yi wa leburori magana, "Kada in ji wani ya kashe wannan abin." Iya tana zaune a gefen gado tana ji.

Na kafa mata talabijin a tashar da ke nuna ɗawafi dare da rana, na san za ta so. Ta kuwa so, wuni take yi ta zuba wa Ka'aba ido ko ƙiftawa ba ta son yi. Matata Bilki ita ma ta kawo tata karramawar: turaren wuta safe da yamma, mai kyau, wanda take ɓoyo sai baƙi na musamman. A rufe ƙofa don kada ƙamshin ya gudu. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya yaba ɗakin, ni kuma ina gefe ina jin kaina ya yi girma.

A cikin makon farko Bilki ta same ni ina karyawa. Ta ja kujera ta zauna, abin da ba ta saba ba da safe don ita ma tana sammakon makarantar da take koyarwa.

"Alhaji, Iya fa kuka take yi."

"Kuka kuma? Wani ya yi mata wani abu?"

"Ba wanda ya yi mata komai. Duk sanda na shiga sai in ga hawaye na bin kuncinta, tana gogewa da bakin mayafi. Na tambaya ta ce ba komai."

Nan take na yanke hukunci. Sanyin farko ne tun rasuwar Baba, an kuma raba ta da ɗakin da suka zauna tare. Kewa ce. Na je bakin ƙofarta na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kanta a ƙasa kamar kullum. Na ga hannunta ya kai mayafi fuska ya dawo. Ta yaya ɗa zai tambayi uwar da ke kunyarsa me ya sa take kuka? Na tashi na fita. Na ce wa Bilki a ƙyale ta, kuka rahama ne. Da yamma na dawo da fura da sabon bargo, na ji a raina na sauke nauyi.

Mako na biyu ido ya yi ja. Bilki ce ta gani da ta kai mata ruwan alwala, ta ce na hagun ya fi, har da kwantsa ta manne shi. Iya ta ce mata ɗan yashi ne ya faɗa, zai fita. Bilki ta ce mu je asibiti. Lokacin ina da ginin da ake zuba wa rufin kankare a bayan gari, mai ginin yana kirana kamar na ci bashinsa. Na ce afolo ne, yana yawo a gari, kwana kaɗan zai wuce. Ban ga idon ba. Ina so a riƙe wannan, don shi ne gaba ɗayan labarin: na sa wa ciwo suna ban gan shi ba.

Da labari ya bazu a dangi sai likitoci suka yi yawa. Gwaggo Tabawa, ƙanwar Baba, ta taso daga Giginyu da tandun kwallinta, ta ce na Makka ne, tun zuwanta na farko take tattalinsa. Ta rangaɗa wa Iya a ido biyu, ta fito falo tana goge hannu.

"Kai, Mai sunan Malam, kada ka kuskura ka kai ta asibiti yanzu. Ido ba a gaggawar kai shi. Taɓa shi za su yi su lalata."

Wata ta bugo waya ta ce ruwan sikari. Wani ya ce zuma farar saƙa. Wata maƙwabciyarta ta Gama ta aiko a ce a nemi nonon mai jego a ɗiga. Na yi musu dariya son raina, ina gaya wa Bilki cewa mutanenmu sai addu'a. Daga nan ni mai ilimi na shiga mota na tsaya a wani kemis a hanyar dawowa daga aiki. Yaron kantin ya tambaye ni, "Ya yi ja?" Na ce e. "Yana ruwa?" Na ce e. "Yana ƙaiƙayi?" Wannan ban sani ba, amma na ce e. Ya miƙo min wata 'yar kwalba ya ce ai wannan kamar yankan wuƙa ne.

Kamar yankan wuƙar kuwa. Kafin mako ya ƙare jan ya washe. Bilki ta fito daga ɗakin da saƙo: "Ta ce a ce maka an ji sauƙi, an gode." Na ce ai na faɗa. Har na kira Gwaggo na tsokane ta, na ce kwallin Makka ya sha kaye a hannun kwalbar kemis. Da kwalbar ta ƙare na sayo wata.

A mako na uku Iya ta daina kallon ɗawafi. Ta sa aka sauke labule gaba ɗaya, ta ce haske na sukanta. Ta ɗaure gefen hagu na fuskarta da ɗankwali. Tuwon da ake kai mata yana dawowa kamar yadda aka kai shi. Ni ina shiga in gaishe ta a cikin duhu-duhu, zafin ɗakin ya buge ni, in ji daɗi cewa sanyi bai samu hanya ba, in fito. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, ni fuskar ce ban taɓa tambaya ba.

Ranar wata Asabar Bilki ta tare ni a bakin mota. Ban taɓa ganin ta tsaya min a hanya ba sai ran nan.

"Alhaji, in ta yi sujada nishi take yi, ina jin ta daga waje. Ni suruka ce, ba zan iya kama haɓarta in ɗaga ba. Kai ma ba za ka iya ba. To a kira wadda za ta iya."

Na so in yi faɗa, amma sai na ciro waya. Na kira Sa'a. Ba ta jira arba'in ba, ta bar mai jego a hannun dangin miji ta hau motar Kano, kafin la'asar ta iso.

Sa'a ba ta da kunyar kowa, autar Iya ce, a cinyarta ta girma. Tana tura ƙofar ta ja da baya.

"Wannan ɗaki ne ko gidan burodi?"

Ta sa hannu ta danne makunnin hitar, ta yaye labule, ta tura taga. Ta zauna a gaban Iya ta kwance ɗankwalin, ta kama haɓarta ta juya ta wajen haske. Ta duba idon sosai. Ina tsaye a bakin ƙofa inda na saba tsayawa.

"Yaya, zo ka gani."

Ban motsa daga inda nake ba.

"Shigo mana. Uwarka ce."

Na shiga na leƙa ta gefe. Fatar idon ta kumbura, a tsakiyar baƙin kuma ga wani fari kamar ƙwayar gero ya zauna. Iya ta kawar da kai da ta ji ni a kusa. Abin da ta fara faɗa, da muryar da ta dushe, shi ne, "Sa'a, kunna masa abinsa. Ya ce kada a kashe."

"Iya, tun yaushe kike jin ciwon nan?"

"Tun kwanan farko iskar ke busar min da ido. Nakan juya mata baya, in barci ya ɗauke ni sai in farka na juyo."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Yaro ya wahala ya sayo don ni. In ce ba na so?"

Na fita tsakar gida na tsaya a gindin mangwaro. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, ba irin tata mai kyau ba, irin ta wanda ya yi ɓarna. Mako uku tana kwance a gaban abin da ke cin idonta saboda maganar da na yi don in burge masu aikin gida.

Ranar Litinin muka yi sammakon asibitin ido. Na ɗauka mun yi wuri, ashe wasu a nan suka yi asuba. Benci ya cika, baranda ta cika: tsofaffi daga Jigawa da Katsina kowa da ɗan jagoransa, mata da jarirai, wani mai walda da auduga a ido. Na tsaya a layin kati da babbar rigata ina ta latsa waya, ina neman wanda na sani da ya san wani. Duk wanda na kira ko bai ɗauka ba ko ya yi tafiya. Mai ba da kati kuwa sai da ya gama shan shayinsa tsaf, ya kurkure kofin, sannan ya ɗaga taga. Har yau in na tuna shi raina na sosuwa. Amma a asibitin nan dai wata nas mai tabarau ta zo wucewa, ta ga Iya ta dafe ido, ta tsaya ta ɗaga ɗankwalin. Ba ta tambayi ko ni wane ne ba. Ta ce, "Baba, taso da ita, wannan ba na jira ba ne." Ban san sunanta ba, amma ba na sallah in manta da ita.

Likitar yarinya ce, ba za ta girmi babbar 'yata ba. Ta ɗiga wa Iya wani ruwa rawaya, ta sa ta ɗora haɓa a kan na'ura, ta haska shuɗiyar fitila. Ta yi tambayoyi, Sa'a na amsa wasu, Bilki na amsa wasu. Da aka zo kan hawayen makon farko sai na sa baki na ce wannan na kewa ne, mahaifinmu bai daɗe da rasuwa ba. Ta ɗago ta dube ni.

"Alhaji, idon da ya bushe shi ya fi zubar da hawaye. Neman agaji yake yi."

Ta yi mana bayani a hankali. Idon tsoho dama ruwansa kaɗan ne, sanyi na ƙara busar da shi, ga iska mai zafi a fuska, ga hayaƙin turare a rufaffen ɗaki, ga kallon talabijin ba ƙiftawa. Da ya bushe sai ya yi ta ƙaiƙayi, ta yi ta goga da mayafi har ta ƙuje baƙin idon. Ƙwayar cuta ta samu ƙofa, ya zama gyambo. Ta tambaya ko an sa wani abu. Sa'a ta faɗi kwalli da sauri, tana hararar iska kamar Gwaggo na wurin. Ni kuma na sa hannu a aljihu na fito da kwalbar kemis na ajiye a kan tebur. Likitar ta juya ta ta karanta, ta ajiye.

"Wannan ba ya kashe irin wannan ciwon. Rufe masa baki yake yi, shi kuma ya ci gaba da ci a ɓoye. Yaushe ka fara ganin farin nan?"

"Shekaranjiya."

"Kafin nan da ka duba, yaya yake?"

"Ban duba ba."

Ba ta yi min faɗa ba. Ta sunkuya ta ci gaba da rubutu, da ma faɗan ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce na dama ma ya bushe amma za a cece shi. Na hagu kuwa za a yi ƙoƙari, kada dai ya fashe.

Aka ba mu gado. Makon da muka yi a can ba zan ce an wulaƙanta mu ba, ba kuma zan ce mun ji daɗi ba. Magani kowace awa ake ɗigawa, kala biyu, wani bayan wani. Sa'a ce a gefen gado, Bilki na karɓarta in ta taso daga makaranta, ni kuma ɗan aike. Ɗaya daga cikin magungunan babu shi a asibitin, na zagaye shagunan Sabon Gari da takarda a hannu kafin na samu, kuma sai a ƙanƙara ake ajiye shi, na zama mai yawo da kula kamar mai sayar da zoɓo. Banɗakin ɗakin matan ba ruwa sai an ɗebo. Zagayen likitoci wani lokacin sai rana ta take. Amma nas-nas ɗin ba su taɓa tsallake awa ba, kuma wata a cikinsu kullum sai ta tsaya ta tsokani Iya har ta yi murmushi.

'Yan dubiya kuwa kamar ana biki. Kulolin abinci sun cika ƙarƙashin gado, mai ciwo ko cokali uku ba ta ci. Gwaggo Tabawa ta zo da tandunta a ƙugu, ta faki ido za ta sake rangaɗawa, nas ta kama ta ta karɓe. Ta fito baranda ta same ni.

"Ai na faɗa maka kada a kawo ta. Ga shi sun naɗe ido kamar ƙunshi."

Da ina da bakin magana da na ba ta amsa. Amma kwallinta sau ɗaya aka sa, kwalbata kuwa sau biyu na saya. Na ce, "Haka ne, Gwaggo, a taya mu da addu'a." Wani abokina da ya zo ya ji labarin hita sai ya ce, garin neman gira an rasa ido. Bai faɗa da mugunta ba, karin magana ce ta zo masa baki, ya kuma yi ta ba ni haƙuri daga baya. Ban ji haushinsa ba.

Da aka sallame mu, na fitar da hitar na kai ta sito. Muka bi abin da likita ta ce. Taga a ɗan buɗe, kwanon ruwa a kusurwar ɗaki, turare a tsakar gida. Sanyi kuma a yaƙe shi da bargo da safa da rigar sanyi. Tsumma mai ɗumi a kan fatar ido safe da yamma. Ga wani ruwa da likitar ta kira hawayen kwalba, ana ɗiga wa ido biyu. Sai a lokacin muka gane Iya ta rage shan ruwa tun da ta zo, wai don kada ta yi ta fita kewaye a gidan ɗanta. Sa'a ta ajiye mata jug a gaba ta ce in bai ƙare ba kafin magariba su biyu za su kwana a zaune.

Ba a daɗe ba aka bugo daga Zariya cewa mai jego na zazzaɓi, dole Sa'a ta koma. Bilki na makaranta da rana. Maganin kuwa ba ya jira. Na ajiye aikin gini na ce wa mai shi ya nemi wani in ba zai iya haƙuri ba. Ranar farko na wanke hannu na shiga da kwalba. Iya ta kwanta rigingine, ta ja mayafi har hanci, ta runtse ido. Na sa yatsa na ja fatar ƙasa kamar yadda nas ta koya mana. Tun da na yi wayo ban taɓa taɓa fuskar uwata ba. Fatar laushi gare ta kamar ta jariri. Ta juya ƙwayar idon can wajen bango. Hannuna ya kama rawa, ɗigo na farko ya sauka a kunci, na biyu a gira. Ɗakin ba kowa sai mu biyu, amma sai ta ce wa silin, "A ce masa ya bar rawar hannu, maganin tsada gare shi."

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, na fita na wanke fuska na dawo. Haka muka yi makonni. Na iya ɗigawa har ba na kuskure. Ciwon ya lafa, kumburi ya saɓe, ta koma cin tuwo, ta koma jan carbi a baranda da hantsi. Farin dai yana nan, ya daina faɗaɗa amma bai tafi ba. Kullum in na ja fatar idon sai in gan shi, kullum kuma sai in ce a raina wataƙila gobe ya ragu.

Ga abin da nake roƙon duk mai karanta wannan. In sanyi ya zo, kada ka saita wa tsoho iska mai zafi a fuska, ta hita ce ko ta mota. Kada ka rufe shi da hayaƙi, ko na turare ne mai tsada. In ka ga idonsa na ruwa, kada ka fassara masa hawayen, ka tambaya. Kada ka sayi maganin ido da kwatance. In kuma tsakaninka da shi akwai kunyar da ta hana ka ɗaga fuskarsa, to tun ranar farko ka nemo wanda zai ɗaga. Ban ce a bar kunya ba, ado ce, ni ma da ita aka raine ni. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya, ya yafe wa irina.

Komawarmu asibiti ta ƙarshe, sanyi ya riga ya wuce. Ni da Bilki muka kai ta. Likitar ta duba a na'ura ta ce alhamdu lillahi gyambo ya warke, idon bai fashe ba, na dama kuma lafiya lau. Sai dai tabon ya zama hakiya, kuma a tsakiya ya zauna, daidai inda gani ke shiga. Ta ce bari ta gwada abin da ya rage. Ta sa tafin hannu ta rufe wa Iya idon dama. Ta ɗaga yatsu ta ce nawa ne, Iya ta ce ba ta gani. Ta matso da su, Iya ta girgiza kai.

"Alhaji, zo ka tsaya nan gabanta. Iya, ɗago ki dubi ɗanki, ki gaya min abin da kike gani."

Na tsaya. Na ɗauka za ta ƙi. Sai ta ɗago kai a hankali, ta sauke idon a kan fuskata sosai, ba ta kawar ba. Ta daɗe tana kallona. Na ga girarta irin tawa ce, ban taɓa sani ba.

"Me kike gani, Iya?"

"Inuwa. Doguwa."

"Ba ki ga fuskarsa ba?"

"A'a."

Likitar ta janye hannunta daga idon dama. Nan take Iya ta sunkuyar da kai, ta gyara mayafi. Sau ɗaya ke nan uwata ta dube ni ido da ido a duniya, kuma da idon da na kashe mata ne.